Umaru Musa 'Yar'aduwa: Malamin Kimiyya a Gadon Mulki

A tarihin Nijeriya, soja da malaman makaranta da 'yan siyasa su ne suka saba riƙe ragamar mulki. Ba a sami masanin kimiyya a kan wannan kujera ba sai a 2007, sa'ad da aka rantsar da Alhaji Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda kuma shi ne zaɓaɓɓen shugaba mai cikakken iko na farko da ya fito daga jami'a.

An haife shi a birnin Katsina ran 16 ga Agusta, 1951, a gidan Mutawalle Musa 'Yar'aduwa, Ministan Harkokin Ikko a Jamhuriya ta Farko. Ya yi karatu a Rafukka da Dutsinma, sa'an nan Kwalejin Gwamnati ta Keffi da Kwalejin Barewa. A 1975 ya sami digiri a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, a fannin ilmin koyarwa da kimiyyar sinadarai. Daga baya ya koma ya yi digiri na biyu a reshen nan na tantance sinadarai, watau ilmin auna abu don a san abin da ke cikinsa, da kuma adadinsa. Ya karantar a manyan makarantun Zariya da Katsina har 1983.

Siyasarsa ta fara da saɓa wa gida, domin a Jamhuriya ta Biyu ya bi PRP ta Malam Aminu Kano, alhali mahaifinsa jigo ne a NPN. Ya nemi gwamnan Katsina a 1991, Sa'idu Barda ya kayar da shi. Ya ci a 1999, ya yi shekara takwas, ya kuma kafa jami'ar jihar da yanzu take ɗauke da sunansa.

Ladabin mai awo shi ne ya faɗi abin da ma'auni ya nuna, ko da bai yi masa daɗi ba. Ana iya ganin wannan hali a wurare uku. Na farko, ran 29 ga Mayu, 2007, a jawabinsa na kama aiki, ya yarda cewa zaɓen da ya kawo shi yana da naƙasu, daga baya kuma ya naɗa kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais don ya duba gyara. Na biyu, ya bayyana dukiyarsa a fili, kimanin naira miliyan 856, abin da babu shugaban da ya yi kafinsa. Na uku, da ya ga bindiga ta kasa kashe wutar yankin Neja Dalta, sai ya yi shelar afuwa a watan Yuni na 2009, 'yan tawaye suka miƙa makamai, haƙar mai ta farfaɗo. Haka kuma a zamaninsa kuɗin litar fetur ya sauko daga naira 75 zuwa 65, sauƙin da manomin rani a Bebeji da Kiru, ko mai ɗaukar masara daga Doguwa da Tudun Wada, ya fi kowa sanin amfaninsa.

Amma fa mulki ba ɗakin gwaji ba ne. Mai bincike yana da damar ya jira sakamako. Talaka kuwa ba ya iya jira. An zarge shi da nawa, kuma alkawarin gyaran wutar lantarki bai cika ba. Gwamnatinsa ta ƙi babbar shawarar kwamitin Uwais, ta a cire naɗin shugaban hukumar zaɓe daga hannun shugaban ƙasa. Mafi nauyi duka, mutumin da ya buɗe asusunsa ga jama'a, sai ga shi an rufe musu labarin lafiyarsa. Ya tafi jinya Jidda a watan Nuwamba na 2009 ba tare da miƙa mulki ba, har sai da Majalisar Tarayya ta ɗora mataimakinsa, Goodluck Jonathan, a kan riƙo ran 9 ga Fabrairu, 2010.

Allah Ya yi masa rasuwa ran 5 ga Mayu, 2010, aka yi jana'izarsa a Katsina washegari. Wannan rikici ne ya sa aka gyara tsarin mulki a shekarar, aka ɗaure shugaba da sharaɗin miƙa riƙo idan zai daɗe ba ya kan aiki. Allah Ya jiƙansa, amin.