Sunan tauraro zai cika fili a Kafanchan?

Da Ali Nuhu ya sake shirya fim ɗin Mujadala a 2018, dabarar a fili take: a ɗauko labarin da mutane suka so tun farkon shekarun 2000, a sabunta waƙoƙinsa, a ɗora shi a wuyan Umar M. Shareef, wanda tauraronsa ke haskawa tun bayan fim ɗin Mansoor na 2017. Mai shirya gala a Kafanchan ko Kagarko na iya ganin haka ya ce ai tsohuwar waƙa da sanannen mawaƙi sun isa a sayar da tikiti. Lissafin nan yana da giɓi, domin suna yana tara mutane a bakin ƙofa ne, abin da ke shigar da su ciki kuwa kuɗin aljihu ne.

Masu ganin tauraro ya wadatar suna da hujja mai ƙarfi daga Amurka. An farfaɗo da wasan waƙa na Funny Girl a dandalin Broadway cikin Afrilun 2022, ba a jima ba kasuwarsa ta yi sanyi. Da tauraruwa Lea Michele ta karɓi jagorancin wasan a Satumba sai ciniki ya tashi, har masu zuba jari suka mayar da uwar kuɗinsu. Sai dai an rufe wasan a Satumban 2023, daidai lokacin da ta gama nata. Kuma a can ana yin wasa sau takwas a mako, baƙi 'yan yawon buɗe ido suna ta sauya juna a kan kujeru. A Kafanchan 'yan kallon daren farko su ne na dare na biyu, kuma da wuya mutum ya biya kuɗin ƙofa sau biyu don waƙar da ke cikin wayarsa, wadda mai turi ya tura masa a kan 'yan canji.

Kuɗin wannan yanki na kudancin Kaduna kuwa yawancinsa a gona yake. Kagarko da Kachia da Jaba ƙasar citta ce, kuɗinta yana shigowa ne bayan an haƙe ta a ƙarshen shekara, lokacin da ya dace da Kirsimeti da bikin Afan na Kagoro ranar 1 ga Janairu, bikin da jama'a ke cika maƙil ba tare da an tare su da tikiti ba. Sallah kuma tana matsowa da kwana goma sha ɗaya kowace shekara, wani zubin ta faɗo tsakiyar damina, kuɗi duk ya tafi taki da ƙwadago. A 2023 da cuta ta cinye gonakin citta, ko wane mawaƙi aka kawo ba zai sa manomin da ya rasa iri ya sayi tikiti ba. Ga kuma hanya: wanda zai taso daga Kagarko ya bi ta Kwoi zuwa Kafanchan sai ya lissafa kuɗin mota, ya lissafa dawowar dare, wadda mutane da yawa ke gudu saboda matsalar tsaro.

Wani zai ce ai liƙi zai cike giɓin, tunda da shi Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos suka rayu. Gaskiya ne, amma liƙi a goshin mawaƙi yake sauka, yaransa su kwashe su zuba a jaka. Hayar fili da lasifika da man janareta da sallamar masu gadi duk suna kan mai shirya wasa, wanda tun kafin a buga ganga ya riga ya biya tauraro kafin alƙalami.

Don haka wanda zai farfaɗo da tsofaffin waƙoƙi a kudancin Kaduna ya sa wasan a watan Disamba, ya fara da la'asar a tashi kafin isha, ya sassauta kuɗin ƙofa, ya nemi mai ɗaukar nauyi tun da wuri. Idan ya tanadi waɗannan, tauraro zai ƙara masa riba. Idan bai tanada ba, dare ɗaya zai samu, sauran kuma bashi ne.