Ya Gama Karatu a Waje, To, Aiki Fa?

Daga Yelwa har Ngaski da Shanga akwai gidajen da suka sayar da shanu, ko albasar shekara, ko kwalekwalen kamun kifi, domin ɗansu ya tafi ƙasar waje neman ilmi. Begensu shi ne in ya gama zai kama aiki can, ya riƙa aiko da kuɗi. Amma fa takardar digiri dabam, izinin aiki dabam. Izinin nan kuwa yana da ranar ƙarewa.

A Ingila, tun Yuli 2021, wanda ya gama digiri yana iya neman izinin aiki na shekara 2, mai digirin dakta kuwa shekara 3. Sai ya nema tun yana ƙasar, kafin bizar karatunsa ta ƙare, ba a kuwa sabunta shi. Gwamnatinsu ta ce daga Janairu 2027 shekara 2 ɗin nan za ta koma wata 18. Kafin wa'adi ya cika, dole ya sami ma'aikatar da za ta tsaya masa, in ba haka ba sai gida.

A Amurka wata 12 ne, aikin kuma sai ya dace da abin da ya karanta. Masu kimiyya, da injiniya, da lissafi suna iya samun ƙarin wata 24. Wanda ya zauna fiye da kwana 90 ba aiki a shekarar farko, izininsa ya lalace. Jamus tana ba da wata 18 na neman aiki.

Komowa gida ma da tata ƙa'ida. Wanda ya gama bai wuce shekara 30 ba, sai ya yi bautar ƙasa, wadda aka kafa a 1973. Likita kuma sai ya ci jarrabawar hukumar likitocin Nijeriya kafin ya taɓa majinyaci.

Ya ku iyaye, kafin a kai saniya kasuwa, ku tambaya: wata nawa za a ba shi bayan karatu? Ilmin nan zai ci da shi a gida? In wa'adi ya cika babu aiki, kada ku matsa masa ya ɓuya can saboda kunyar mutanen gari, gama wanda aka kama, korarsa za a yi, a hana shi komawa. Ku karɓe shi da hannu biyu. Asibitocinmu da makarantunmu na bakin Kainji suna bukatarsa.