Giyar laluɓe ko mai ƙas-ƙas: abin dubawa kafin sayen tsohon keken tsere

Tun da Shugaba Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota da na acaɓa suka yi tashin gwauron zabi. A Zamfara kuma akwai ƙarin dokokin taƙaita zirga-zirgar babura saboda matsalar tsaro. Wannan ya sa keke ya dawo cikin lissafin ɗalibi ko ƙaramin ma'aikacin da ke zirga-zirga tsakanin Bungudu da Gusau. Sai dai kekunan tsere na gwanjo da ake shigowa da su ba kamar Raleigh ɗin kakanninmu ba ne, suna da giya, kuma giyar iri biyu ce.

Tsohon tsarin na laluɓe ne. Mahayi zai ja liba a hankali, waya ta tura sarƙa daga wannan haƙori zuwa wancan, shi kuma ya kasa kunne har sai ƙarar ta ɗauke. Abin da ke riƙe libar a wurinta matsin ƙusa ne kawai. Ɗaya tsarin, wanda kamfanin Shimano na Japan ya yaɗa daga 1984 da sunan SIS, libarsa na da matakai: kowane "ƙas" yana jan waya daidai tazarar haƙori guda.

A kan hanya, mai ƙas-ƙas ta fi daɗi, ta kuma fi aminci. Wanda ke kauce wa rami ga tirela a bayansa a hanyar Tsafe ba shi da lokacin laluben giya da hannu ɗaya.

Matsalar tana wajen gyara. Dole liba da na'urar tura sarƙa da haƙoran baya su dace da juna. Libar matakai shida ba ta zama daidai a kan haƙora bakwai, kuma kayan wani kamfanin sau da yawa ba sa jituwa da na wani. Idan waya ta saki, ko ƙurar hunturu ta cika bututunta, ko keken ya faɗi ƙarfen da ke riƙe na'urar ya ɗan lanƙwashe, sai sarƙa ta riƙa tsalle. Giyar laluɓe ba ruwanta da wannan, domin hannun mahayi ne ke cike giɓin. Duk haƙoran da mai gyara ya samu a kasuwa zai ɗaura, a hau a tafi. Aibinta shi ne ƙusar kan kwance, giya ta zame a tsakiyar hawa, amma wannan ɗaurewa ce ta daƙiƙa biyar.

Ga wanda ke nesa da shagon kayan gyara, a ganina ta laluɓe ce ta fi. Kafin biyan kuɗi kuma a duba gefen libar dama: yawancin libobin Shimano na wancan zamani suna da ɗan zobe da ake murɗawa, ya mayar da mai ƙas-ƙas ta koma ta laluɓe ranar da saitin ya ɓaci.