Wace Taga Za Ka Zauna Idan Kana So Ka Hango Ƙanƙara Daga Jirgi?

Ranar da na fara hawa jirgi daga Katsina zuwa Abuja, na dage sai an ba ni kujerar taga. An ba ni, amma ta ɓangaren hagu, kuma da safe. Rana ta yi ta dukan idona har na rufe tagar. Garinmu Ƙanƙara kuwa yana ɗaya ɓangaren, na wuce shi ban sani ba. Kuɗin tikitin nan bai zo da sauƙi ba, shi ya sa na koma na duba taswira.

Abu na farko shi ne alkibla. Abuja tana kudu da Katsina, tazarar kusan kilomita 450 a miƙe. Idan ka ja layi tsakanin filayen jirgin biyu, madatsar ruwa ta Zobe da ke kusa da Dutsin-Ma, da Ƙanƙara, da Faskari, da Sabuwa duk suna yamma da layin. Wanda ya fuskanci kudu, yamma tana damansa. Ke nan a tafiya ka nemi tagar dama, a dawowa ta hagu. A jirgi mai kujeru uku-uku, A ce tagar hagu, F ta dama. Sai dai matuƙi yana bin hanyar da masu kula da zirga-zirgar sama suka ba shi, wani lokaci yakan ɗan karkata.

Na biyu, rana. Ƙasa ta fi fitowa sosai idan rana tana bayanka. Idan kana fuskantarta, haskenta yana warwatsuwa a kan ƙurar iska da ƙarce-ƙarcen gilashi, komai ya koma fari fat. Da safe rana tana gabas, don haka tagar dama a jirgin safe mai zuwa Abuja ta haɗa biyu: inuwa da kallon gida. Da yamma kuwa ranar tana ɓangarenka.

Na uku, fiffike. Kujerun tsakiya suna kansa, shi za ka yi ta kallo. A bayansa kuma iska mai zafi da ke fita daga injin tana sa ƙasa ta riƙa rawa, kamar yadda kwalta ke yi da azahar a watan Afrilu. Gaban fiffike ya fi.

Na huɗu, lokacin shekara. A lissafi, daga tsayin kilomita 10 ido zai iya kaiwa kusan kilomita 350 kafin lanƙwasar duniya ta tare shi. Amma daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kwaso ƙura, mai yawa daga kwarin Bodele a Chadi, hazo ya rufe ƙasa kamar bargo. Da damina kuma gajimare ya fi taruwa da rana zuwa yamma. Oktoba ta fi daɗi: ruwa ya ɗauke, hazo bai sauko ba, gonaki ba su gama bushewa ba.

Me za ka gani? Ruwan Zobe, gonaki yanka-yanka, koguna masu farin yashi, duwatsu da suka ɓullo daga fili, can nesa kuma duhun daji ta wajen iyakar Zamfara. A wurinmu wannan ya wuce shaƙatawa. Rashin tsaro ya hana da yawa daga cikinmu bin waɗannan hanyoyi, akwai wanda ya yi shekaru bai taka gonar mahaifinsa ba. Minti kaɗan ne jirgin ke yi a saitinsu.

Don haka ka zaɓi kujera tun wajen sayen tikiti, ko ka isa da wuri ka roƙi ma'aikacin kanta. Ƙanƙara tana kusan kilomita 120 daga Katsina a miƙe, kada ka jira a kawo lemo kafin ka fara leƙawa.