Yadda funfuna ke cinye kafet da kujerun mota a Kura da Bunkure

A watan Agusta, lokacin da rana kan yi kwana biyu ko uku ba ta fito sosai ba, wanda ya shiga wasu masallatan unguwa a Kura ko Bunkure da asuba, hancinsa ne zai fara gaya masa akwai magana. Wari ne irin na tsohon buhun da aka manta a lungu. Idan aka ɗaga gefen kafet, sai a ga bayansa ya yi ɗigo-ɗigo, baƙi da ruwan toka. Funfuna ke nan.

Ko'ina a Kano damina kan zo da danshi, amma a wannan yanki ruwa ba ya tafiya idan damina ta tafi. Tun bayan kammala madatsar Tiga a 1974, ruwa ke bin magudanai zuwa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, ƙarƙashin shirin noman rani da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ke kula da shi. Da wannan ruwa aka samu shinkafa da tumatir da alkama da albasa. Shi ne kuma ya sa ƙasa ba ta cika bushewa ba a wuraren da ke daf da gonaki, har daɓe da gindin bango su riƙa tsotsar lema, duk abin da aka shimfiɗa a kai kuma ya sha.

Funfuna halitta ce mai rai, ƙwayoyinta na yawo a iska kullum. Abin da take jira shi ne lema da ɗumi da ɗan abin ci, kamar ƙura ko gumi ko dusa. Kayan da suka jiƙe ba a busar da su ba, cikin awa 24 zuwa 48 tana iya kama su.

Direbobin da ke jigilar amfanin gona sun fi kowa sanin wannan. Ana loda buhunan shanshera mai ɗanye-ɗanye a ƙaramar mota, ko kwandunan tumatir daga Kwanar Gafan suna tsiyaya, manomi kuma ya shigo da taɓo har gwiwa. Ruwan ya bi ta ɗinkin ledar kujera ya shige soso, da dare a rufe gilasai ruf. Ledar a ido tas, cikinta kuwa yana ruɓewa. Fasinja da ya leƙo ya ji wari yakan koma motar gaba, ranar da aka tashi sayar da motar kuma dillali da warin zai fara karya mata farashi.

Abin da aka fi yi shi ne a fesa turare ko a turara ɗaki, wanda ba ya kashe komai, warin ne kawai ke zama biyu. Wanda ya fi wannan muni shi ne a kai mota wurin wanki a kwarara mata ruwa ciki da waje, a goge sama-sama a rufe ƙofofi. An biya kuɗi an shayar da funfunar ke nan.

Aikin da ke ci ba shi da tsada, haƙuri yake so. A fitar da kafet ko kujerar waje, a ɗaure hanci da baki, a kankare funfunar da burushi tun tana bushe. Daga nan a fesa farin khal a bar shi kamar awa guda, sannan a wanke da omo da ruwa kaɗan. Shanyar ita ce rabin aikin: a rataye a kan katanga ko igiya yadda iska za ta ratsa ta fuska biyu, a juya, kada a mayar sai an matsa da hannu an ji babu sanyi. Shi ma daɓen a bar shi ya sha iska.

Maganar Hypo kuwa sai da lura. A kan siminti da tayil yana aiki, amma a kan kafet yana cinye launi, a kan kujera yana tsinka zaren ɗinki ya busar da leda har ta tsage. Masu ƙananan jiragen ruwa na shaƙatawa a Amurka, waɗanda kujerunsu irin wannan leda ce a kan soso, sun daɗe da gano haka. Haɗa shi da khal kuma haɗari ne, domin yana fitar da iska mai guba da ke ƙona ƙirji. Idan funfuna ta riga ta ratsa soso, wanki ba zai kai ciki ba, gara a kai wa mai ɗinkin kujeru ya sauya.

Asarar ba ta tsaya ga kaya ba. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto da ya danganta zama cikin danshi da funfuna da tari da toshewar numfashi da tashin asma. A nan ne batun masallaci ya fi nauyi, tunda sau biyar a rana dattijo ke ɗora hancinsa a kan wannan kafet. Haka yaron da ke kwana a katifar da aka jefa a ƙasa. Ita ma shinkafa, idan aka ƙulle ta a buhu danshinta bai sauka zuwa kashi 14 cikin 100 ba, za ta yi funfuna, wasu nau'o'in kuma na haifar da gubar da ke lalata hanta.

Kwamitin masallacin da rufinsa ke yoyo ko daɓensa ke gumi zai fi samun sauƙi idan ya naɗe kafet daga Yuli zuwa Satumba ya koma tabarmar roba, wadda guga ɗaya ke wankewa kuma ta bushe kafin azahar. Katifa a ɗora ta a kan katako, buhu a nisanta shi da bango, mota a sassauta mata gilashi idan an samu rana. Iskar hunturu da ke kaɗawa daga Nuwamba tana ɗauke warin, amma ƙwayoyin na nan kwance a cikin soso har ruwan farko ya sake sauka.