Kaurin tsokar zuciya da haɗarin mutuwa ga masu wankin ƙoda

Ciwon zuciya da na jijiyoyin jini shi ne kan gaba wajen yin ajalin mutanen da ake yi wa wankin ƙoda. Alƙaluman da aka daɗe ana tattarawa a Amurka sun nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin huɗu da suka rasu a cikinsu, zuciyarsu ce ta tsaya farat ɗaya.

Likitoci na alaƙanta wannan da kaurin tsokar zuciya, musamman ta ɗakin hagu na ƙasa, wanda shi ke tura jini zuwa sassan jiki.

Wani bincike da aka wallafa a shekarar 1995 kan majinyata 433 a Kanada ya gano cewa kashi 74 cikin 100 suna da wannan kauri tun a lokacin da suka fara wankin. Ke nan matsalar kan soma ne shekaru kafin mutum ya ga na'urar wankin ƙoda.

Me ke haddasa shi?

Zuciya tsoka ce, kuma duk tsokar da aka ɗora wa aiki fiye da kima sai ta yi kauri, kamar damtsen maƙeri.

Hawan jini ne babban nauyin da take fama da shi. Ciwon ƙoda kuma yana sandarar da manyan jijiyoyin jini, ta yadda sai zuciya ta ƙara ƙarfi kafin jinin ya wuce.

Sai kuma ruwa da gishiri. Ƙodar da ta gaza ba ta iya fitar da su, saboda haka suna taruwa a jiki tsakanin wanki da wanki, sau da yawa har lita biyu ko uku. Ƙarancin jini ma na tilasta wa zuciya yawaita bugawa.

Amma ba kamar damtsen maƙeri ba, wannan kaurin ba ƙarfi ba ne. Ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da tsokar ba sa ƙaruwa daidai da girmanta, tabo kan yaɗu a cikinta, sai ta sandare ta kasa sakewa sosai domin karɓar jini.

A irin wannan hali, ruwa kaɗan idan ya ƙaru sai ya koma huhu, numfashi ya gagara. Idan kuma na'ura ta janye ruwan da sauri, sai jini ya faɗi. Tsokar da ke da tabo kuma tana saurin rikicewar bugu, musamman idan sinadarin fotasiyam ya taru ko ya sauka cikin gaggawa. Nan ne mutuwar farat ɗaya ke shigowa.

Ranar da ta fi haɗari

Tsarin da aka saba shi ne wanki sau uku a mako, wanda ke barin kwana biyu cur ba wanki a ƙarshen mako.

A shekarar 2011 mujallar New England Journal of Medicine ta wallafa nazari kan majinyata fiye da 32,000 a Amurka, wanda ya nuna an fi samun mace-mace da kwanciya asibiti saboda zuciya a ranar da ta biyo bayan wannan dogon hutu, wato Litinin ko Talata.

Idan kwana biyu na da irin wannan tasiri, abin dubawa ne halin da majinyata ke ciki a Najeriya da Nijar, inda tsada ke sa da yawa yin wankin sau ɗaya a mako, ko sai jiki ya kumbura.

Ko kaurin na raguwa?

Yana iya raguwa. Wani gwaji da aka wallafa a 2010 kan mutum 245 ya nuna nauyin tsokar ya ragu a waɗanda aka yi wa wanki sau shida a mako, idan aka kwatanta da masu sau uku. A cibiyar Tassin ta Faransa, wankin awa takwas da rage gishiri ya sa mafi yawan majinyata sun daina buƙatar maganin hawan jini.

Sai dai ba kowane gyara ne ya yi amfani ba. A 1998 an ba da rahoton dakatar da wani gwaji na mayar da jinin masu wankin ƙoda da ke da ciwon zuciya daidai da na mai lafiya ta hanyar allura, bayan an ga mace-mace sun fi yawa a rukunin da aka ɗaga jinin nasu. A yau likitoci kan gyara ƙarancin jinin ne zuwa matsakaici.

Abin da ke hannun majinyaci shi ne gishiri, domin shi ke kawo ƙishirwa, ƙishirwa ta kawo tarin ruwa. Kuma ba na cokali kaɗai ba: dunƙulen ɗanɗanon miya da kanwa duk suna ɗauke da sinadarin sodiyam.

Dashen ƙoda kan rage kaurin a wajen mutane da dama. Kafin nan, hoton zuciya da ake kira eko ne ke nuna shi, domin kaurin kan daɗe bai ba da wata alama ba.