Masu tara tsofaffin wuƙaƙen aljihu

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, kowa ya san amfanin wuƙa. Da ita muke yanke igiya, mu fere rogo, mu gyara ƙotar hauya, mu yi fiɗa ranar Layya. In ta tsufa sai mu jefa ta bayan rumbu, tsatsa ta cinye ta. To, a Amurka da ƙasashen Turai akwai mutanen da ke neman tsohuwar wuƙa ruwa a jallo. Suna sayen ta da tsada, su shafa mata mai, su jera ta cikin akwati tare da ƴan'uwanta. Ba su yanka kome da ita. Cikin waɗanda suka fi nema akwai wuƙar ƴan sikawut, wadda ake naɗewa a sa aljihu.

Su wane ne ƴan sikawut?

Sikawut ƙungiya ce ta yara da samari. Wani hafsan sojan Ingila mai suna Baden-Powell ya kafa ta. Cikin watan Agusta na shekarar 1907 ya ɗauki yara 20 ya kai su wani tsibiri da ake kira Brownsea, suka yi zango na wajen mako guda. Ya koya musu hura wuta, ɗaurin igiya, bin sawu da taimakon wanda ya ji ciwo. Abin da ɗan makiyayi ya iya tun yana bin garke, shi ɗan birnin Ingila sai da aka koya masa. Ƙungiyar ta bazu cikin duniya. A shekarar 1910 aka kafa ta Amurka.

Yaron da zai kwana daji yana bukatar kayan aiki, amma ba ya iya ɗaukar kaya mai nauyi. Don haka a shekarar 1911 wani gidan ƙira mai suna New York Knife Company ya fara ƙera wa ƙungiyar Amurka wuƙa tata ta kanta. Tsawonta a naɗe bai wuce tafin hannu ba. Abu huɗu ke cikinta. Akwai ruwan wuƙa na yanka. Akwai abin buɗe gwangwani. Akwai abin murɗa kusa. Akwai basilla ta huda fata. A gindinta akwai zobe, don yaro ya rataya ta ga ɗamara kada ta ɓace. A jikin ƙota kuwa an manna tambarin ƙungiya.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun shekarar 1891 sojojin ƙasar Suwis ke riƙe da wuƙa mai abu huɗu kamar haka. Da ita soja ke kwance bindigarsa, da ita yake buɗe gwangwanin abincinsa. Ɗaya daga cikin maƙeranta, Karl Elsener, shi ya kafa gidan ƙirar da ake kira Victorinox, wanda har yau yana aiki.

Me ya sa suke tara su?

Dalili na farko shi ne tuna baya. Dattawa da yawa a Amurka, wuƙar sikawut ce kyauta ta farko da uba ya danƙa musu, alamar yaro ya fara hankali. In mutum ya ga irinta, sai ya tuna ƙuruciyarsa da mahaifinsa.

Dalili na biyu, gidajen da suka ƙera su sun mutu. New York Knife Company ya rufe a shekarar 1931. Gidan Remington, mai ƙera bindigogi, ya yi wuƙaƙen sikawut tsakanin yaƙin duniya na farko da na biyu, daga baya ya bar aikin. Gidan Camillus, da aka kafa a shekarar 1876, ya rufe ƙofarsa a shekarar 2007. Abin da ba a ƙara ƙerawa kullum raguwa yake yi. Abin da ke raguwa kuwa kuɗinsa hawa yake yi.

Abin da suke dubawa

Mai tarawa ba ya sayen wuƙa da ka. Da farko yana buɗe ta ya duba gindin ruwanta, kusa da ƙota. Nan ne maƙeri ke buga sunansa da sunan garinsa. Gidan ƙira yakan canja hatiminsa bayan wasu shekaru. Wanda ya san hatiman zai faɗa maka zamanin wuƙa kamar yadda makiyayi ke faɗin shekarun saniya daga haƙoranta.

Sai ƙota. Wuƙaƙen farko da ƙashi ake yi musu ita, a sassaƙa shi don kada hannu ya zame. Daga baya roba ta maye gurbin ƙashi. Akwai wata roba ta dā mai suna seluloyid. In ta tsufa takan ruɓe, ta fid da iska mai sa tsatsa, ta ɓata wuƙar har da na kusa da ita. Shi ya sa ake ware ta, kamar yadda ake ware dabba marar lafiya daga garke.

Sai lafiyar wuƙa. Wadda aka wasa har ruwanta ya zama tsinke ba ta da daraja wurinsu. Wadda aka kankare da yashi har hatimi ya goge, ita ma ta mutu. Sun fi son baƙin tsufa bisa ƙarfe da ƙyallin ƙarya. Suna kuma saurara: in an rufe wuƙa ta ce ƙas, ƙarfen bayanta yana da ƙarfi ke nan.

Inda kuɗi suke, macuta ba su nisa. Wasu sukan ɗauki ruwan wata wuƙa su haɗa da ƙotar wata, ko su buga hatimin jabu, su sayar wa wanda bai sani ba.

Wuƙar da ta shafe mu

Akwai wata wuƙar aljihu da masu tarawa ke so, wadda ke ɗauke da alamar ƙasarmu. A shekarar 1929 gidan Cognet, a garin Thiers na Faransa, ya fara ƙera wuƙa mai araha mai suna Douk-Douk. Ƙotarta fallen ƙarfe ne da aka naɗe biyu, da hoton wani dodo a jiki. An sayar da ita da yawa a ƙasashen Afirka da Faransa ta mallaka. Da yake Musulmi ba su son hoton mai rai, sai aka fid da wata mai suna El Baraka. A jikinta an zana alamar nan ta Agadas da maƙeran Buzaye ke yi da azurfa. Har yau ana ƙera ta, saboda haka ba kowace ce tsohuwa ba.

Shawara

Ba kowace tsohuwar wuƙa ke da kuɗi ba. Yawancinsu aiki kawai za su yi maka, wannan ma ba ƙaramin abu ba ne. Amma in ka gaji wuƙa mai hatimi wurin mahaifi ko kaka, kada ka yi garaje. Kada ka kankare ta da yashi ko dutse. Goge ta da tsumma, ka ɗiga mata mai kaɗan a mahaɗi, ka ajiye ta inda ba laima. In wani ya zo yana taya ta, tambayi mutum biyu ko uku kafin ka sallama. Rashin sani ya sa kaza ta kwana kan dami.

Wuƙar aikinka ta yau ma ka kula da ita. Wanke ta bayan fiɗa, ka busar. Kada ka ɓamɓare kusa da bakinta. In ka wasa, wasa kaɗan. Wuƙaƙen da ke cikin akwatunan nan na Amurka, wasu sun haura shekara 100, kuma yara ne suka fara riƙe su. Wanda ya riƙe tasa da kyau, ɗansa zai yanka da ita.